Garin da Yona Ya Gina

Babban allon ciki na kwamfuta, mai lamba 486, guda ɗaya. Sandunan memori huɗu, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Katin hoto. Katin sauti da ƙananan lasifika biyu. Fanka ƙarama da ba ta kai tafin hannu ba. Disket goma sha biyu a cikin gwangwanin biskit. Sukudireba uku. Takardar digirina, a naɗe cikin safa. Wasiƙun yayana Yona, talatin da ɗaya, an ɗaure da roba.

Abin da na ɗauko ke nan daga Budapest bayan shekara biyar. Akwatin kayan sawa yana saman mota, ruwan Agusta yana dukansa, ban damu ba. Wannan jakar kuwa tana kan cinyata tun daga Legas.

Mun wuce Bida da kaɗan, direban, wani mai suna Ndanusa, ya leƙo ni ta madubi.

"Sista, jakar nan taki ta hana bawan Allah na kusa da ke numfashi. Kawo a sa a but ɗin mota."

"A'a."

"Ƙwai ne a ciki?"

"Ƙwai ne."

"Ƙwan ƙasar waje," in ji shi. Mota ta kwashe da dariya. "To Allah ya sa ya ƙyanƙyashe."

Ban yi dariya ba.

Ku da kuke turo mini saƙo kuna cewa na cika zafin rai, wai wace irin mace ce za ta tayar da gidan ubanta saboda wasan kwamfuta, ku karanta wannan kashin har ƙarshe. Bayan nan ku zage ni da hujja.

Sunana Liyatu Kambai. Labarin shekarar 1996 nake ba ku. Mu biyu iyayenmu suka haifa, Yona da ni. Shi ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wata sakandare a Minna. Shekara ɗaya bayan tafiyata, wani malamin lissafi Ba'indiye zai koma ƙasarsu, ya sayar masa da tsohuwar kwamfuta. Lambarta 386. Faifan da ke cikinta, inda take ajiye komai, ba zai ɗauki hotuna goma na wayar da kuke karanta wannan da ita ba. Yona ya ɗauke ta hoto ya aiko mini kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Ni na aika masa wasan, ta hannun wani ɗalibi da ya zo hutu. Wasa ne da ake ba ka fili babu komai, kai za ka shimfiɗa titi, ka ja ruwa da wuta, ka yanka filaye. In ka yi daidai mutane su zo su zauna. In ka yi shirme su kwashe kayansu.

Yona ya gina Minna. Ba wadda muka tashi a ciki ba, wadda yake so. Shekara uku yana yi, duk yamma bayan aiki.

"Na gama unguwarmu Tunga," ya rubuto. "Famfo yana kawo ruwa kullum, ki zo ki ga abin mamaki."

Wata wasiƙar: "Na yi gada na sa mata sunanki. Sau uku ambaliya ta zo ba ta faɗi ba. Taurin kai iri ɗaya."

Daga baya garin ya fi ƙarfin injin. Ya ce in ya motsa linzamin kwamfutar, sai ya je ya sha ruwa ya dawo kafin hoton ya bi shi. Wani lokaci komai ya daskare. Sai ya aiko mini jerin abin da zan kawo, wanda kuka karanta a sama, ya ja layi biyu a ƙarƙashin memori. A ƙasa ya rubuta: "Kada ki sayo mini takalmi. Wannan kawai. Mu haɗa tare, sannan in zaga da ke gari."

Taifot ya kashe shi a watan Janairu, cikin kwana tara. Wasiƙar Baba ta same ni a Fabrairu, an daɗe da rufe kabari. A lokacin memori kawai na saya. Sauran kayan duk na saye su ne bayan na san ya mutu. Kada ku tambaye ni dalili. Ya ce in kawo. Kuma garin yana nan cikin faifai, ban taɓa ganinsa ba ko sau ɗaya.

A Garatu mata suka taso da doya a ka suna bin motar. Na gane na iso gida. Na ƙara rungume jakar.

Gidanmu yana Tunga, ɗaki uku da falo, bishiyar gwaiba a tsakar gida. Na tarar da 'yan zumuntar mata na cocinmu sun cika falo, kowacce da ɗankwali iri ɗaya. Aka yi guɗa. Aka yi addu'a mai tsawo, ina tsaye da jaka a kafaɗa. Mama ta rame. Baba, dattijon ikilisiya ne kuma tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya dafa kaina ya ce, "Kin dawo."

A bangon falo, tsakanin agogo da kalandar coci, an rataye takardar jana'izar Yona cikin gilashi. Hotonsa ya fito tas, yana dariyar nan tasa ta gefe guda. A ƙasa jerin waƙoƙi da sunan mai wa'azi.

"Andrawus ne ya buga," in ji Mama, ta bi idona. "Cikin kwana biyu. Duk wanda ya zo ya samu tasa. Har yau ana maganarta a coci."

Da matan suka watse na buɗe ɗakin Yona. An share, an wanke labule. Kayan sawarsa an raba wa dangi kamar yadda ake yi. Gado, kujera, tebur. A kan teburin akwai wani murabba'i da fentinsa ya fi na sauran haske.

"Mama, ina injin?"

"Yana wurin Andrawus."

"Yana me a can?"

"Babanki ya ba shi ajiya. Zo ki ci pate tun da zafinsa."

Bari in gaya muku waye Andrawus Gaiya. Abokin Yona ne tun firamare. Dogo, mai wushirya, ba ya fita sai da riga a goge. Yana da ɗan shago a bakin titin Tunga, inda ake buga takardu da tafireta ana yin fotokwafi. Bayan rasuwar Yona ya fara rubuto mini duk wata. Tunda na ce zan faɗi gaskiya, zan faɗa: na so wasiƙun nan. A garin da babu wanda ya san Yona, shi kaɗai ne yake kiran sunansa. A watan Yuni ya tambaye ni aure. Na amsa da cewa bari in dawo. Su a nan suka karanta hakan a matsayin na yarda.

A kowace wasiƙa ina tambayarsa injin. A kowace amsa yana cewa, "Injin yana nan lafiya, ina kula da shi." Na ɗauka yana kan teburin nan an lulluɓe shi da zani.

Muna da waya a falo, baƙa mai nauyi, a kan ɗan tebur mai lilin. Mama ba ta yarda da ƙwaƙwalwarta, don haka duk saƙon da ya shigo a bayan tsohuwar kalanda take rubutawa. Ta miƙo mini tana murmushi.

*Andrawus, safe: ta iso?*

*Andrawus: ko ya je tasha ya jira?*

*Andrawus: a tambaye ta, ruwan goro ko shuɗi.*

*Andrawus: kada ta wahalar da kanta zuwa shago, shi zai zo gida.*

"Ruwan goro ko shuɗi na me?"

"Anko mana. Mutanensa za su zo gaisuwa ranar Asabar. Kawunsa tun daga Kagoro."

"Wa ya sa ranar?"

"Liyatu, shekararki ashirin da bakwai. Gidan nan ya yi kuka ya gaji. Bari a ji wani abu dabam."

Na sake duban kalandar. Layin ƙarshe nake kallo. Mutumin da ya kira sau huɗu a wuni ɗaya ba ya son in taka shagonsa.

Da safe Mama ta shimfiɗa mini riga da zani na atamfa a kan gado, kore mai zanen ganye, da ɗankwali an riga an goge. Na sa wandon jins da farar riga, na ɗauki gwangwanin disket da sukudireba ɗaya.

"Da wando za ki bi titin Tunga, 'yar dattijo?"

"Ba nisa."

Daga nesa na hango allon. Sabon fenti, ja a kan fari: ANA BUGA TAKARDU DA KWAMFUTA. A ciki tafireta biyu an rufe su da leda, sun yi ƙura. Wani dattijo mai tabarau yana zaune a benci da fayil a cinya. Andrawus yana bayan tebur yana bugawa. Na gane injin daga hoton da Yona ya aiko: kusurwar monitan a tsage take, an liƙe da jan salatif.

"Injiniya!" Ya miƙe har kujera ta faɗi. "Kai, Injiniya! Ai na ce ni zan zo."

"Na gani a bayan kalanda. Ina kwana, Yaya Andrawus."

"Lafiya lau. Kin ga yadda kika yi fari? Malam Sheshi, wannan ce Liyatu da nake gaya maka."

"Ah, amarya," in ji dattijon. "Sannu da zuwa. Ni dai babi na huɗu na kundin digirina nake jira, Litinin zan kai wa malamina."

Na ɗaga kujerar na zauna a gaban injin. Na nemi inda wasan yake. Na san sunan wurin, Yona ya rubuto mini shi. Babu. Na sake nema ta wata hanya. Takardun makaranta, takardun neman aiki, katunan biki, jerin waƙoƙin coci. Babu.

"Ina wasan?"

"Liya, mu fita waje mu yi magana."

"Ina garin?"

Ya dubi Malam Sheshi, ya dubi ƙofa. Sannan ya zauna a gefen tebur ya faɗa mini.

Yona ya mutu ranar Alhamis, jana'iza Asabar. Baba yana son takarda mai hoto. Masu ɗab'i suka ce sai Litinin. Andrawus ya kai hoton wurin wani a Bosso mai na'urar saka hoto a disket, ya aro manhajar tsara shafi, ya zo ɗakin Yona. Injin ya ce babu wuri.

"Na duba abin da ya cinye wurin, na ga wasanni ne. Na share."

"Duka."

"Duka. Liya, gawarsa tana asibiti, mutane suna ta zuwa daga gida. Ban san inda kaina yake ba."

"Ka san garin gaba ɗaya zai shiga disket ɗaya? Ɗaya. Minti biyu."

"Ban sani ba. Lokacin bugu kawai na iya."

"Na yarda. A Janairu ba ka sani ba. A Maris fa, da na rubuto maka cewa garin nake son gani? A Afrilu, da na ce na samo katin hoto? Wasiƙa biyar, Andrawus."

Ya ji na yar da "Yaya". Na ga ya ji.

"Me zan ce miki? Kina can ke kaɗai, jarrabawar ƙarshe a gabanki."

"Ka ce na share, na kashe injin, na rufe shi da zani. Shi ke nan. Da ka kashe shi a ranar, da yawancin abin yana nan."

Bai gane ba. Ku ma wataƙila ba ku gane ba, to ku saurara. In aka share abu a faifai, ba ya tafiya nan take. Kamar a cire sunan ɗan haya ne daga ƙofa: kayansa suna ciki, sai ranar da aka sa wani a ɗakin. Wanda ya iya zai iya dawo da su. Amma duk sabon abin da aka ajiye, ɗakin wani yake shiga. Andrawus ya ɗauko injin ya kawo shago, wata bakwai yana zuba masa sababbin 'yan haya daga safe zuwa yamma.

"An ajiye aikin Malam?" na tambaye shi.

"An ajiye."

Na kashe injin.

"Madam!" Malam Sheshi ya miƙe. "Babi na huɗu fa!"

"Za ka samu babinka, Malam. Zauna."

Na sa disket ɗina na tayar da injin daga kansa, don kada faifan ya rubuta ko harafi ɗaya. Ina da manhajar da take nuna abin da aka share, da abin da ya zauna a wurinsa. Na yi irin wannan aikin wa ɗalibai da yawa a can, masu kuka a kan takardunsu.

Yona ya ajiye garin sau biyar, a lokuta dabam-dabam. GARI1 zuwa GARI5.

Na ƙarshe, na watan Disamba, wanda ya bari kafin ya kwanta, hoton jana'izarsa ne ya hau kansa. Fuskarsa a kan garinsa. Wannan zan iya yafewa, ko ba yau ba.

Na ɗaya da na biyu, takardun neman aikin mutanen da ban sani ba ne suka hau kansu.

Na huɗu, na watan Oktoba, garin kusan cikakke. Fayil ɗin da ya hau kansa babba ne, kuma sabo. Na duba ranar. Kwana takwas da suka wuce. Sunansa LIYATU.

"Mene ne wannan?"

"Liya, bari."

Na buɗe. Furanni a kowace kusurwa, kurciya biyu a sama suna riƙe da zobe. *Iyalan Dattijo Kambai da na Marigayi Gaiya suna farin cikin gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu.* Sunana, sunansa. Rana ce kawai ba a sa ba.

"Na so in nuna miki ranar Asabar," in ji shi a hankali. "Sati guda na yi ina tsara shi."

Kwana takwas. Wata bakwai garin Oktoba ya yi yana tsallake takardun Minna duka, ta wace sa'a ban sani ba. Ina Budapest ina naɗe katin sauti cikin rigar sanyi, yana nan da ransa. Abin da ya kashe shi katin bikin da ban ce a yi ba.

"Kai, ya yi kyau fa," in ji Malam Sheshi ta bayan kafaɗata. "Kurciyoyin nan kamar su tashi."

Na rufe katin.

Saura GARI3, na tara ga Agusta 1994. Manhajar ta nuna babu abin da ya hau kansa tukuna. Ba ta yi alkawarin zai buɗe ba. Wasiƙar gada ta iso mini cikin Satumbar wannan shekarar, kuma wasiƙa tana yin sati biyar ko shida a hanya. Yona ba ya sa kwanan wata a wasiƙa, ni kuma ba na ajiye ambulan. Ko gadar tana ciki, ko ya gina ta bayan sati ɗaya. Ban sani ba.

"Kawo duk disket ɗin da ke shagon nan."

Ya kawo. Na fara da GARI3, na kwafe shi a nawa sau biyu, na sa ɗaya a aljihun riga ɗaya a gwangwani. Amma kwafi irin wannan ba a dogara da shi. In ya ƙi buɗewa, sai an koma faifan an bi shi gutsure-gutsure, kuma faifan ba zai jure wani babi na huɗu ba. Sai na kwafe aikin mutane, ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta suna a kan kowane disket. Ya ɗauke ni fiye da awa ɗaya. Na miƙa wa Malam Sheshi nasa.

"Akwai mai kwamfuta a Bosso. Ka kai masa, zai buga maka yau."

"Madam, ni ban san me ya haɗa ku ba, amma yaron nan mutumin kirki ne."

"Kowa ya gaya mini."

Na ƙarshe na kwafe katin bikin. Na ajiye disket ɗin a gaban Andrawus.

"Ga naka. Furannin sun yi kyau. Sunan amarya kawai za ka canza."

Na fara zare wayoyi.

"Liya, in kika ɗauke injin nan shagon ya mutu. Mutum shida ke jiran aiki."

"Kana da tafireta biyu."

"Baba ne ya ba ni."

"Ajiya ya ba ka."

"Abokina ne shi ma!" Karo na farko da ya ɗaga murya. "Ke kaɗai kika rasa shi? Ni na wanke shi. Kina ina?"

Wannan ta shige ni. Har yau tana nan. Na ce, "Ina can ina sayen abin da ya ce in kawo," na ci gaba da naɗe waya.

Na tare tasi. Abin da ya fi ba ni haushi, shi ya ɗauko monitan da kansa. Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin kusurwar da ta tsage, ya shimfiɗa tawul ɗinsa a kujerar baya, ya ce wa direba ya bi ramuka a hankali. Mugu ya fi sauƙin bari. Ban dube shi ba har muka tashi.

Waya ta riga ni isa gida. Baba yana tsaye a baranda, rediyonsa a kashe. Mama tana bakin ƙofar falo, hannunta da garin tuwo.

Na shiga da akwatin injin, na dawo na ɗauki monita. Baba ya bar ni na gama.

"Liyatu."

"Na'am, Baba."

"Mutumin nan ya ɗauki akwatin ɗan'uwanki a kafaɗarsa."

"Na sani, Baba."

"Kin tsaya a shagonsa, gaban baƙo, kin kwashe masa abin da yake ci da shi. Saboda wasan yara."

"Shekara uku Yona ya yi yana gina shi."

"Yona ya tafi. Yana wurin da ya fi kowane gari. Karatun da muka tura ki ke nan, ki dawo kina bin inuwa?"

"Baba, ba ka taɓa ganinsa ba."

"Ni na gani," in ji Mama.

Muka juya.

"Sau da yawa. In na kai masa kunu sai ya ce zauna. Ya yi mini rumfa a babbar kasuwa, mai rufin kwano, dab da famfo. Ya ce ba zan ƙara ɗaukar ruwa ba." Ta goge hannu a zani. "Ranar Juma'ar nan Andrawus ya fito daga ɗakin ya same ni a kicin. Ya ce Mama, babu wuri sai an share abin Yona. Na ce share. Ina son mutane su tafi gida da fuskarsa a hannu."

"Kin san abin da za a share."

"Na sani."

"Kika bar ni ina rubuto wasiƙa."

"Ni na ce kada ya gaya miki. Ya so ya faɗa, sau biyu. Na ce bari ta gama jarrabawa, in ta dawo ta yi aure ta manta."

Na tsaya ina kallonta. Kuna jira in ce fushina ya sauka, na gane Andrawus ba shi da laifi, na koma na ba shi haƙuri. Bai sauka ba. Wuri ya ƙara samu.

"Ke kin ga garin, Mama. Kin zauna a rumfarki. Ni gada aka yi mini, ban taka ta ba."

"Liyatu, hoto ne a gilashi."

"Wancan na bango ma hoto ne a gilashi."

Ta waiwaya ta dubi bangon falo. Na ci gaba.

"Maganar takardar jana'iza na ji. Katin biki fa? Har kwana takwas da suka wuce garin yana nan. Katin ne ya hau kansa. Wannan ba ke kika sa shi ba."

Mama ta dubi ƙasa.

"Ni na zaɓi furannin," in ji ta.

Wayar falo ta fara ƙara. Babu wanda ya motsa. Ta yi sau bakwai ta tsaya, ta sake farawa. Mama ta je ta ɗauka, na ji tana cewa, "Tana nan. A'a, ɗana, ba yanzu ba." Na ji ƙarar biro a bayan kalanda.

Na shiga ɗakin Yona. Na ɗora injin a kan murabba'in nan mai haske, ya zauna daidai. Na zazzage jakar a kan gado: allo, memori huɗu, katin hoto, katin sauti, fanka. Na ɗauko wasiƙar jerin kaya na jingina ta da bango inda zan riƙa gani. Na kwance ƙusoshi huɗu na bayan akwatin, na zuba su a murfin gwangwani. Ciki duk ƙura ce da gawar kyankyaso ɗaya. Faifan zan fara cirewa in naɗe shi a gefe. Sannan tsohon allo ya fita, sabo ya shiga. In na yi a hankali, kafin rana ta faɗi injin zai tashi, in sa wasan daga disket ɗina, in kira GARI3.

Baba ya zo bakin ƙofa. Bai shigo ba. Tun Janairu, Mama ta gaya mini daga baya, bai taka ɗakin ba.

"Ranar Asabar fa? Kawunsa ya riga ya kama hanya a zuciyarsa. Me zan gaya wa mutanen Gaiya?"

"A dafa musu abinci, Baba. Tafiyar da nisa."

"Ke fa?"

Na tashi da sukudireba a hannu. Na dube shi, na dubi Mama a bayansa riƙe da kalanda, sabon layi a ƙasan sauran. Na tura ƙofar har ta kama, na sa sakata.

"Injin nan ba zai sake fita daga ɗakin nan ba," na ce ta cikin katako. "Ni kuma ba zan fito wa mutanen Gaiya ba. Ba wannan Asabar ba, ba wata ba."